Ƙetaren da Saje Ya Kai Mu

Mijina ba ya yin alkawari a ɗaki, inda daga ni sai shi, mu ji mu rufe in ta kama. A'a, shi sai ya sami taro. Wannan kuwa a coci ya yi shi, ranar Lahadin da muka kai godiya saboda autarmu ta gama sakandare, sakamakonta ya fito fes, ko darasi ɗaya ba ta faɗi ba. Fasto ya ce uban yarinya ya taso ya ce wani abu. Kalma biyu fa aka nema. Mutumin nan ya miƙe, ya gyara kwat ɗinsa da ta girmi yarinyar, ya yi gyaran murya kamar zai ba da umarni a filin fareti, ya ce:

"Tun tana aji ɗaya na gaya mata, in ta gama da kyau zan kai ta ƙetare. To ga shi ta gama. Kafin ta shiga jami'a za mu tafi, ni da ita da uwarta."

Coci ya kaure da tafi. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa ina layin gaba da sabon ɗaurin kallabi, ina ta murmushi, ina gyaɗa kai ga masu yi mini barka. Na san abin da ke cikin rumbunmu, na san abin da ke cikin aljihun kwat ɗin nan: hankici da katin asibiti.

Saje ake ce masa a duk unguwa, don da wannan muƙamin ya bar soja. A Zuru wannan ba abin a zo a gani ba ne, gida uku in ka shiga, biyu za ka tarar da tsohon soja a zaune yana jiran fansho. Ni kuma malamar firamare ce a lokacin, har labarin ƙasa nake koya wa 'yan aji biyar. Na faɗi wannan ne don a san cewa a gidan akwai wadda ta san inda ƙasashe suke.

Na bari sai da muka dawo, ya cire takalmi, ya ci tuwonsa, yarinya ta fita wajen ƙawayenta. Sannan na ja kujera.

"Saje, ƙetaren ina?"

"Landan."

"Landan ta ina? Ta bayan Ribah?"

"Ke matsalarki ke nan, ba ki taɓa fita ba. Ni ƙasa uku na je. Ki haɗa kaya kawai."

Gaskiyarsa ce, ƙasa uku ya je: Labanan, Laberiya da Saliyo. Amma a nan ne gizo yake saƙar tasa, don duk tafiyar nan mutumin bai taɓa sayen tikiti ba, bai taɓa bin layin neman biza ba, bai ma san ana biyan kuɗin abinci a hanya ba. A saninsa, fita waje ita ce a sanar da kai rana, ka goge takalmi, ka ɗauki jakarka ka tsaya a fili, a kira lambarka ka amsa, jirgi ya kwashe ka. Shekara da shekaru yana ba mutane labarin jirgin sama a ƙofar gida, ashe bai san jirgin yana da farashi ba. Har ya ƙara da cewa tsohon soja rabin kuɗi yake biya in ya nuna littafinsa na sallama. Na ce wa ya gaya maka? Ya ce ai abu ne da hankali ma zai ba mutum.

Washegari na ɗauko taswirar duniya daga makaranta, na shimfiɗa masa a tabarma don ya ga nisan abin da ya ɗauko mana. Ya sa gilashinsa, ya ɗora babban yatsa a kan Najeriya, ya ware hannu zuwa Labanan. Taƙi ɗaya. Ya sake warewa zuwa Landan.

"Kin gani? Taƙi ɗaya da yatsa biyu. Yatsa biyun ne kike ta tayar mini da hankali a kai?"

Na naɗe taswirata na mayar da ita makaranta, kafin in faɗi abin da zai sa a kira fasto sulhu.

Kafin mako ya zagayo, babu wanda bai sani ba. Lokacin wayar salula ta fara shigowa gari, amma Allah ya sani labarin nan bai buƙaci waya ba. Yayar Saje ta zo takanas daga Danko a kan babur, ta ce agogon hannu take so, da tukunyar da ba ta kama abinci. Mai naman bakin tasha ya daina ce mini Malama, ya koma Madam. Wata maƙwabciyarmu da muka yi shekara biyu ba ma gaisawa saboda akuyarta ta cinye mini yakuwa, sai ga ta da ƙwai shida, wai ta tuna da ni. Ita kuwa yarinyar, Allah sarki, ta sayo zaren ulu ta zauna tana saƙa rigar sanyi, gumi yana ɗiga mata daga haɓa. Ta ji an ce can sanyi ake yi har numfashi ya zama hayaƙi. Duk sanda na gan ta da kwarashi a hannu, sai in ji kamar in shaƙe ubanta, sai kuma in ji tausayinsu su biyun.

Saje ya sayar da awaki ya tafi da yarinyar aka yi mata fasfo. Nata kaɗai, wai namu sai fansho ya fito. Ta dawo da shi a naɗe cikin leda biyu, ba ta bari kowa ya taɓa sai ya wanke hannu. Daga nan Saje ya wuce Sakkwato shi kaɗai, wajen wani mai shagon sayar da tikitin jirgi, da littafin sallamarsa a aljihun gaba.

Da la'asar ya dawo. Tun daga yadda ya sauka daga babur na gane. Mutumin da yake shigowa gida da "Ina mutanen barikin nan?" ranar shigowa ya yi kamar baƙo, ya zauna a kan turmin da ke kife, bai ko cire hula ba. Na kawo ruwa, na tsaya.

"Rabin kuɗin tsohon sojan nawa ya kama?" na ce.

Ya kurɓi ruwan. Can ya faɗi abin da aka ce masa. Ba zan maimaita adadin ba, amma ya isa ya sayi gidanmu har da kajin ciki. Kuma wai wannan kuɗin jirgi ne kawai. Akwai biza, sai an je Abuja ko Legas, a bi layi, a nuna takardar banki mai nuna abin da mutum ya ajiye. Na ce to madalla, abin da muka ajiye a banki shi ne sa hannunmu, sai a kai musu su gani. Littafin sallamar kuwa, mai shagon ya buɗe, ya karanta, ya ce sannu da ƙoƙari Baba, ya miƙo masa abinsa da hannu biyu.

Ni a zatona magana ta ƙare ke nan. Za a ɗan ji kunya, a yi mako biyu ana yi mana dariya a kasuwa, wani ya yi nasa abin a manta da namu. Sai da safe na ji yana gaya wa dillali ya zo ya duba shanun huɗarmu guda biyu, da gonar fadama.

Nan fa na tashi. Shanun nan da fadamar nan su ne makarantar yarinyar. Da su muke noman shinkafar da za a sayar a kai ta jami'a, a ciyar da ita shekara huɗu. Albashina ba ya kai mu ƙarshen wata, fanshonsa kuwa yana zuwa ne sanda ya ga dama. In shanun suka tafi, ta tafi Landan mako ɗaya ta dawo ta zauna tana taya ni tuƙa tuwo, shi ke nan an gama biki.

"Ka haukace ne, Saje? Za ka sayar da karatun yarinya don ka je ka nuna mata gadar Turawa?"

"Na faɗa a gaban Allah da jama'a."

"Allah ne ya ce ka faɗa? Kalma biyu aka ce ka yi!"

"Maman yara, ni ban taɓa faɗin magana na janye ba. Ke kin fi kowa sani."

Abin haushin shi ne na fi kowa sanin. Mutumin nan golmo ya yi mini. A al'adarmu ta da, saurayi ba ya samun mata da daɗin baki, sai ya yi shekara bakwai yana noma gonar iyayenta, shi da abokansa, damina bayan damina. Lokacin iyayena ba su shiga coci ba, kuma babana ba ya rangwame. A shekara ta huɗu abokansa uku suka gudu suka shiga soja, suka ce ya zo su tafi, mata ai suna ko'ina. Ya ce ya riga ya faɗa. Sai da ya cika bakwai ɗin nan cif, ya ajiye garma, sannan ya bi su. Wannan taurin kan ne ya aure ni, kuma shi ne yanzu zai sayar mini da shanu. Tsoro ya kama ni sosai, don na san ba barazana yake yi ba.

Ranar kasuwa na fita, ba don ina da abin saye ba, don kada in zauna in ga dillali yana buɗe bakin shanuna yana ƙirga haƙora. Na tsaya wajen wata mai atamfa, Bakabiya, da nake sayen zane a wurinta. Na ɗaga wani zane na ce ya yi tsada.

"Haba Malama, wannan fa ba na nan ba ne. Shekaranjiya na dawo da shi daga ƙetare."

Na ce, "Daga ina?"

"Ƙetare mana. Malanbil. In kin kai Kamba kin shiga Gaya ta Nijar, ki haye gadar Kwara, ai kin shiga Binin. Duk wata sai na je."

Na ajiye zanen. Na sa ta maimaita mini hanyar sau biyu, da yadda ake shiga mota, da inda ake kwana. Ta ɗauka zan fara kasuwanci ne, har ta fara ɓata rai.

Da na koma gida na tarar da Saje a gindin mangwaro yana gyaran rediyo. Na tsaya a kansa kamar mai bincike.

"Saje, ranar a coci me ka ce? Faɗa mini kalma da kalma."

"Na ce zan kai ta ƙetare."

"Ka ce Landan?"

Ya ci gaba da kwance bayan rediyonsa.

"Na ce ka ambaci Landan a gaban fasto?"

"A zuciyata Landan nake nufi."

"Zuciyarka ba ta riƙe abin magana ba, bakinka ne ya riƙe. Ƙetare ka ce. Nijar ƙetare ce, Binin ƙetare ce. Ƙasa biyu a yini ɗaya, ko kai da jirgin gwamnati ba ka taɓa yin haka ba."

"Wayo za ki yi wa Allah?"

"Allah ya ji abin da ka ce, kuma ya fi ka jin Hausa. Ka gode masa da ba da yarenmu ka yi alkawarin ba. Hausar da ka ara ce ta cece ka."

Ya daɗe yana juya sukurudireba a hannu. Ban san yarinyar tana bakin ƙofar kicin ba sai da ta yi magana. Ashe ta ga dillali, ta kuma gane abin da ya kawo shi.

"Baba, ni ko'ina ne. In dai za a buga mini hatimi a fasfona, ya ishe ni. Kada a sayar da shanun."

Ta faɗa da murmushi, amma da yamma na ga ta warware rigar sanyin da ta kusa gamawa, tana naɗe zaren a dunƙule. Na wuce kicin. Na ci nasara, kuma ban ji daɗinta yadda na zata ba.

Muka tafi bayan sati biyu, a ƙaramar bas, da kuɗin buhun gyaɗa da na ɓoye. Mutanen unguwa suka rako mu tasha. Ni na ce musu ta Nijar za mu bi, ban ƙara ba, ban rage ba, kowa ya fahimci abin da ya ga dama. Saje ya sa kwat, ya maƙala lambobin yabonsa a ƙirji, ya zauna a gaba tsakanin direba da wani mai kwandon zabi. Muka wuce Koko, muka wuce Jega da Bunza, ramukan hanya suka jijjiga mu har na daina jin ƙuguna. Duk tsawon tafiyar yana bitar kalma ɗaya ta Faransanci da ya koya a wajen wasu sojoji a Laberiya. A Kamba muka kwana gidan wani tsohon abokin aikinsa.

Da safe muka isa bakin iyaka. Mutane suna ta wucewa, masu babur, masu amalanke, mata da tallan fura, kowa harkar gabansa yake yi. Saje ya ja ya tsaya gaban wani jandarman Nijar mai tsaron iyaka, ya ƙame, ya ce da ƙarfi, "Bonjur!"

Jandarman ya dube shi daga hula zuwa takalmi, ya ce, "Sannu da zuwa Baba. Ina gajiya? Kasuwa za ku?"

Kai jama'a! Na juya baya na toshe bakina da gefen zane, kafaɗuna suna rawa. Mun kwana a hanya mun zo ƙasar waje, ga shi mutum na farko da muka samu ya fi mu iya Hausa. Saje bai yi dariya ba. Ya karɓi fasfon yarinyar ya miƙa, ya ce a buga mata hatimi. Mutumin ya ɗan yi mamaki, ya duba fasfon sabo fil, ya dubi yarinyar, ya dubi lambobin da ke ƙirjin tsoho. Da alama ya gane wani abu, don ya shiga da mu ciki, ya zaunar da ita a kujera, ya buga hatimin a hankali, ya hura masa iska don ya bushe, ya ce Allah ya sa albarka a karatu. Da muka wuce Gaya muka haye gadar Kwara, a gefen Binin ma aka buga mata na biyu.

Kasuwar Malanbil babba ce, ba zan rage mata ba. Amma albasa ce, albasar da na sani. Barkono ne, shinkafa ce, atamfa ce irin ta Bakabiyar nan. Na taya wani kwano, mai kwanon ta zage ni da Hausa tsaf, na rama, muka shirya. Abin da kawai ya nuna mini mun bar gida shi ne kuɗinsu, da wani burodi dogo kamar taɓarya, mai taurin da zai iya cire wa mutum haƙori. Na sayi biyar don tsaraba. Yayar Saje ta sami agogonta, wanda ya yi aiki har kwana tara. Yarinyar tana ta karanta allunan shaguna tana dariyar yadda take furta su. Ta ci wani abu mai kama da taliya da ƙwai a tsaye, ta ce ita fa ta ci abincin ƙasar waje. Uban yana biye da mu a baya, hannu a baya, bai sayi ko goro ba.

Da za mu dawo ya ce mu taka gadar da ƙafa. Muka kai tsakiya, ya tsaya. Kwara ta cika ta batse, ruwa ja, masu kwalekwale ƙanana can ƙasa. Na buɗe baki zan ce to ga tekun Landan nan, a kalla da kyau, sai na ga fuskarsa, na haɗiye.

Yarinyar ta riƙe hannun kwat ɗinsa. "Baba, mun ƙetare fa. Ka cika."

Ya girgiza kai. Ya bar Hausa ya koma yarenmu na C'lela, wanda ba ya yi mata sai magana ta kai magana.

"Uwarki ce ta cika. Ni ban cika ba. Na san abin da na gaya miki tun kina aji ɗaya, ke ma kin sani." Ya karɓi fasfon, ya shafa bangonsa da babban yatsa, ya mayar mata a tafin hannu ya rufe da nasa. "Shekara bakwai na yi ina noma kafin a ba ni matar nan. Ban gudu ba. Ke ma ki ba ni shekara bakwai. Ki adana wannan."

Ya haura sittin a lokacin, gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwashewa sosai. Fasfon kuwa shekara biyar yake yi wa'adinsa ya ƙare, an rubuta a shafin farko ɓaro-ɓaro. Na karanta, ita ma ta karanta. Ta dube ni, na dube ta. Ni da duk Zuru ta san bakina ba ya riƙe magana, ranar na riƙe.

Ta ce, "To Baba. Na ba ka."

Da muka dawo ya share wani fili a bayan fadama ya fara noma shi daban. 'Yan unguwa, da suka gane inda muka je tun daga burodin, suka sa masa suna gonar Landan, shi kuwa ko a jikinsa. Duk shekara abin da gonar ta bayar sai wata larurar makaranta ta taso ta cinye, shi da kansa yake ɗauka ya aika mata, ya ce baɗi a sake. Shanun suna nan suka yi ta huɗa har ta gama jami'a.

A shekara ta biyar, tana hidimar ƙasa, ta zo hutu da wata 'yar leda a jaka. Ta jira ya tafi gona sannan ta nuna mini. Da alawus ɗinta ta je ta sabunta fasfon, ba ta gaya wa kowa ba.

Na ce, "Ke kuma wannan ɓarnar kuɗin fa? Kin san ba inda za ku."

Ta ce, "Na sani, Mama. Saura masa shekara biyu."

Ta buɗe akwatinsa na soja ta ajiye shi inda ya saba ganin tsohon, a ƙarƙashin littafin sallama.